Fawa a Wudil da Dom a Indiya: Inda Ƙasƙancin Sana'a Ya Tsaya a Ƙasar Hausa

Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogin da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, wanda daga nan yake miƙawa zuwa Haɗeja. Abu biyu ne suka fitar da sunansa. Na farko shi ne sarautar Makaman Kano ta Jobawa, zuriyar Malam Bakatsine na Utai, ɗaya daga cikin shugabannin jihadi a ƙasar Kano. Na biyu kuwa shi ne karar shanu mai ci kowace Juma'a, wadda dabbobi ke zo mata daga Barno da Adamawa da Nijar da Cadi, a kuma yi lodinsu zuwa kudancin Nijeriya.

Duk wanda ya lura da wannan kara zai ga mutane hawa-hawa: ga Bafillace mai shanu, ga falke, ga mai masauki, ga dillali mai jiran la'ada, ga 'yan lodi da direbobi. A can ƙarshen layin mahauci yake. Shi ne mai mayar da saniya abinci, kuma ba don shi ba da cinikin duka bai da makama. Amma duk da haka, a bisa tsohon lissafin Hausawa shi ne na ƙasa a daraja, kuma har yau akwai gidajen da in aka ce mai neman 'yarsu ɗan mahauta ne, sai maganar ta yi sanyi. Wannan ne ya sa akan kwatanta matsayin mahauta da makaɗa da majema na ƙasar Hausa da na mutanen nan na Indiya da aka mayar saniyar ware, waɗanda ko taɓa su ba a yi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan kwatance da al'ummar Dom, domin su ne sana'o'insu suka fi kama da na waɗanda Bahaushe ke rainawa, watau kiɗa da fata da mu'amala da abin da rai ya bari.

Su wane ne Dom?

Dom suna ne da ake kiran jama'u masu yawa da ke warwatse a arewacin Indiya da Bangal da Nefal da Pakistan. Kalmar tsohuwa ce. A harshen Sanskirit domba na nufin mutum mai ƙasƙantaccen asali wanda ke ci da kiɗa da waƙa. Wasu masana harshe suna ganin daga amon ganga aka samo ta, wasu kuma suna ganin aro ce daga harsunan mutanen da suka riga masu Sanskirit zama a ƙasar.

Malamin nan Abu Raihan al-Biruni, a littafin da ya rubuta game da Indiya wajen shekarar 1030, ya bayyana cewa bayan rukunai huɗu na haihuwa da Hindu suka yarda da su, akwai masu sana'o'i takwas da ke zaune a bayan gari, kamar masu wanki da dukawa da masunta da masaƙa. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai wasu da ba a lissafa su cikin kowane rukuni, aikinsu share ƙazantar gari. A cikinsu ya ambaci Doma, ya ce su masu kaɗa molo ne da waƙa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Kalhana, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kashmir wajen 1148, ya kawo labarin Sarki Cakrawarman na ƙarni na 10, wanda ya auri Hamsi, 'yar wani mawaƙin Domba, ya ɗora ta bisa sauran matansa. Marubucin bai kawo labarin don yabo ba. A wurinsa wannan shi ne iyakar lalacewar fada.

Dangane da asalinsu, jami'an mulkin mallaka irin su Herbert Risley a 1891 da William Crooke a 1896 sun karkata ga cewa Dom ragowar wata al'umma ce ta asalin ƙasar, wadda baƙi daga arewa suka ci da yaƙi suka bautar. Akan kafa hujja da wasu kufai masu ɗauke da sunansu, kamar Domingar kusa da Gorakfur. Mai karatu zai gane wannan salo, don kuwa da irin wannan tabarau Turawa suka kalli Filani da Haɓe a nan: ko'ina sai sun nemo jinsin da ya ci da jinsin da aka ci. Masana na yanzu sun fi ganin cewa Dom ba ƙabila ɗaya ba ce mai kaka ɗaya. Suna ne na matsayi da aka liƙa wa jama'u daban-daban masu harsuna daban-daban, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne irin aikin da aka bar musu: kiɗa a wani wuri, saƙar kwando a wani, ƙira a tsaunukan Himalaya, kwashe mushe da ƙona gawa a kwarin kogin Ganga.

Wasu daga cikin masu wannan suna sun bar Indiya tun fiye da shekara dubu. Jikokinsu su ne Dom na Siriya da Lebanon da Jodan da Falasɗinu da Turkiyya, waɗanda Larabawa ke kira Nawar, kuma harshensu, Domari, ɗan'uwan harsunan tsakiyar Indiya ne. R.A.S. Macalister ya rubuta nahawun na Ƙudus a 1914, lokacin suna maƙera masu yawo, Yaron Matras kuma ya sake rubuta shi a 2012, lokacin da masu jin harshen a birnin suka rage tsofaffi. Sunan Lom na Armeniya da Rom na Turai duk daga wannan tushe ake ganin suka fito, ko da yake nazarin harshe ya nuna ba tare suka yi ƙaura ba. Akwai labarin da Hamza al-Isfahani ya kawo a ƙarni na 10, cewa Sarkin Farisa Bahram Gur, wanda ya yi mulki daga 420 zuwa 438, ya roƙi wani sarkin Indiya ya aiko masa makaɗa 12,000. Labari ne mai daɗin ji, amma ba ya ɗaukar nauyin da ake ɗora masa.

Inda matsayin Dom ya fi fitowa fili shi ne Banaras. A matattakalar Manikarnika da ta Harishcandra, a bakin Ganga, su ne ke riƙe da wutar da ake ƙona gawa da ita, kuma ko gawar wane ce sai an karɓi wutar daga hannunsu an biya. Shugabansu, wanda ake kira Dom Raja, yana samun dukiya mai yawa ta wannan hanya, kamar yadda Jonathan Parry ya nuna a littafinsa na 1994 kan mutuwa a Banaras. To, amma dukiyar ba ta wanke shi. A bisa aƙidar da aka gina tsarin a kanta, ƙazantar a cikin haihuwa take: ba a shan ruwa daga hannunsa, ba a cin abincinsa, ba a shigar da shi ɗakin bauta, ɗansa kuma haka zai tashi. Mulkin Ingila ya ƙara wa miki gishiri da dokar 1871 wadda ta ba da damar a rubuta al'umma sukutum a matsayin ɓarayi na gado. Dom na Magahiya sun faɗa cikin wannan rajista, har aka kafa musu sansanin tsaro a Gorakfur a 1908 ƙarƙashin wata ƙungiyar mishan. An soke dokar a 1952, sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya na 1950 kuma ya haramta ƙyamar taɓawa. Amma da yake sai da aka sake yin doka a 1989 don hukunta masu cin zarafinsu, da wata a 2013 don hana sa mutum kwashe bayan gida da hannu, an san takarda ba ta kashe al'adar ba.

Mahauci a tarihin ƙasar Kano

Tsohon ambaton yanka a rubuce a wannan ƙasa yana cikin Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara a 1908. A labarin zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, an faɗi yadda aka raba musu muƙamai: wane liman, wane ladan, wane alƙali, sa'an nan aka ce wani mai suna Auta shi ne mai yanka duk dabbar da za a ci. Wannan jimla ƙarama tana da muhimmanci ƙwarai. Ta nuna cewa tun farkon kafuwar Musulunci a Kano, ɗora wuƙa a wuyan dabba aikin malami ne, a jere yake da limanci da alƙalanci. Abin da aka raina daga baya ba yankan ba ne, fawar ce: fiɗa da daddatsawa da kasawa da ciniki. Shi ya sa a kwatar garuruwa da yawa akan ajiye malami mai yanka daban, mahauta su karɓa daga hannunsa.

Hugh Clapperton, da ya zauna a Kano a 1824, ya bar bayanin mahautan kasuwar Kurmi wanda duk wanda ya san kwata zai yi murmushi in ya karanta. Ya ce sukan tsattsaga nama don kitse ya bayyana, sukan hura shi ya kumbura, wani lokaci ma su liƙa gashin tunkiya a ƙafar akuya don mai saye ya ɗauka rago ne, kuma ya yarda cewa mahautan ƙasarsu ma haka suke. Ya ce in an sami bijimi mai ƙiba akan shafa wa ƙahonsa lalle, makaɗa su biyo shi, labari ya bazu, jama'a su rugo saye. Da ya nemi a nuna masa dambe kuwa, mahautan gari ne suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Ke nan shekara 200 da suka wuce abubuwa ukun nan, fawa da kalangu da dambe, sun riga sun zama tsintsiya ɗaya.

Wanda ya fara tsara martabar sana'o'in Hausawa a rubuce shi ne M.G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma buga maƙalarsa a mujallar Africa a 1959. A lissafinsa masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai akasarin manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a a tsakiya, sa'an nan a ƙasa makaɗa da maroƙa da mahauta da barori da 'yan dako. Ya kuma bambanta karda, watau sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da rana tsaka. Abin da a Kano aka fi cewa gado da haye.

Me ya jawo wa fawa wannan matsayi? Akan ce jini ne da ƙarni, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, tun da majemi ya fi mahauci wari, kuma ba a ajiye shi ƙasa da shi ba. Abin da ya fi kusa shi ne yanayin cinikin kansa. Mahauci na da bashi yake ɗaukar sa a kara, ya yanka da safe, kuma dole naman ya ƙare kafin rana ta faɗi, domin babu wurin ajiya. Mai irin wannan haja ba ya iya zaman jiran mai saye cikin natsuwa kamar mai koli ko mai tufafi. Sai ya sa kalangu, ya ɗaga murya, ya yi zolaya, ya yi rantsuwa, ya tura yara talla da fince. In kasuwa ta ƙi, gobe mai sa yana ƙofar gidansa, ga rigimar bashi a bainar jama'a. Duk siffofin da A.H.M. Kirk-Greene ya tattara a 1974 cewa da su Bahaushe ke gane mutumin kirki, musamman kunya da riƙon amana, sana'ar tana tilasta wa mai ita ya ajiye wasunsu a gida. Haka maroƙi: laifinsa a idon jama'a shi ne yana faɗin abin da mai kunya ba ya faɗa, yana kuma roƙon abin da mai mutunci ba ya roƙo. Watau hukuncin da Bahaushe ya yanke wa waɗannan sana'o'i hukunci ne na hali, sa'an nan aka shafa wa 'ya'ya da jikoki, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

Su kuwa Rundawa ba su karɓi hukuncin hannu biyu ba. Sun mayar da abin da aka zarge su da shi abin alfahari: taurin rai, ƙarfin damtse, rashin tsoron ƙaho. Hawan ƙaho a jajibirin salla nasu ne, dambe bayan kaka nasu ne, kuma a wannan fage ne aka sami irin su Shago, wanda waƙoƙin Ɗan Anace suka kai sunansa inda sunan hakimai da yawa bai kai ba. Suna da Sarkin Fawa mai rawani, wanda ke lura da lafiyar abin da aka yanka, ya raba rigima, ya tsaya tsakaninsu da fada. Suna kuma da abokan wasa, masunta, kuma a gari irin Wudil, mai kogi da kara, kowane ɓangare yana da abin da zai tsokani ɗan'uwansa da shi a kan ko nama ne gaba ko kifi. Mutumin da ake wasan barkwanci da shi ba bare ba ne.

Inda kamar ta ƙare

In aka jera mahaucin Wudil da Dom na Banaras, bambanci na farko a wajen abinci yake, kuma shi kaɗai ya isa ya girgiza kwatancen. Alamar wanda ba a taɓawa ita ce ba a cin abin hannunsa. Mahauci kuwa abin hannunsa kowa ke ci. Shi ke shafa ƙuli a tsire da yatsunsa, shi ke yanka balangu, shi ke shanya kilishi, kuma daga hakimi har liman babu mai tambayar ko hannun wa ya taɓa. A masallaci ma haka. Jini mai kwarara najasa ne a fiƙihu, amma najasa ce da ruwa ke gusarwa. Risala ta lissafa mayanka cikin wuraren da aka hana salla a cikinsu, tare da juji da tsakiyar hanya, watau wurin aka ƙyamata, ba mutumin ba. Masu sharhin Muhtasar ma rangwame suka yi wa mahauci a kan abin da ya fantsamar masa a riga in ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kamar yadda aka yi wa mai shayarwa, suka so ya tanadi rigar salla daban. In ya wanke ya sauya riga, sahu ɗaya yake shiga da mai gari.

Bambanci na biyu ya fi zurfi. Tushen ƙasƙancin Dom shi ne gawa: al'umma ta ɗauki aikin da kowane gida ke buƙata, kowa kuma ke gudu, ta ɗora wa zuriya ɗaya har abada. A ƙasar Hausa babu zuriyar da aka bar wa gawa. Wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce a kan jama'a, in wasu sun yi ta sauka daga kan saura. Malamin unguwa ko dattijuwar gida ke wanka, maƙwabta ke haƙa kabari, kuma rige-rigen ɗaukar makara ake yi don neman lada. Gurbin da aka tura Dom cikinsa, a nan ba a haƙa shi ba tun farko.

Sai kuma ƙasa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa da Dorayi, daga baya ta je ƙauyukan Karnataka a kudancin Indiya, ta fitar da littafi a 1982 tana kwatanta manoman dawa da gero na wuraren biyu. A ƙauyukan Indiya, waɗanda ba a taɓawa unguwarsu daban take, kuma akasarinsu 'yan ƙodago ne a gonakin wasu. A karkarar Kano kuwa fawa da ƙira da jima da kiɗa sana'o'in rani ne a kan noma. Da damina mahauci manomi ne kamar kowa, yana gadon gona, yana saye, yana sayarwa, ana gayyatarsa gayya. Gaskiya ne akwai unguwanni masu sunan sana'a, kamar Dukawa a birnin Kano, amma zama ne na masu aiki ɗaya, ba kora bayan gari ba.

To, ko Musulunci ne kaɗai ya kawo wannan bambanci? Amsar da ta fi sauƙi ke nan, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A Yaman, ƙasar Musulmi tun farkon zamani, mahauta da wanzamai da makaɗa rukuni ne da 'yan ƙabila ba sa aure da su, a ƙarƙashinsu kuma akwai Akhdam masu shara, waɗanda halinsu bai fi na Dom da yawa ba. A Indiya kanta, Dom da suka musulunta ba su tsira daga raini a wurin 'yan'uwansu Musulmi ba. In an ce to mazhabar Malikiyya ce, sai a dubi maƙwabta. Inadan, maƙeran Abzinawa, ba sa auratayya da iyayen gijinsu. Filanin Futa Toro da Wolof da Mande duk suna da rukunan maƙera da dukawa da mawaƙa waɗanda ake haifar mutum a ciki ya mutu a ciki, kuma Tal Tamari, a maƙalarta ta 1991, ta nuna cewa tsarin ya kafu a wurin Mande tun wajen 1300. Duk waɗannan Malikawa ne. Amma a ƙasar Kano, labarin kafuwar birnin kansa yana komawa ga maƙeran da suka taso daga Gaya, maƙwabciyar Wudil, suka zo Dala neman tama. Al'ummar da ke danganta tushenta ga maƙeri da wuya ta mayar da shi abin ƙyama.

Abin da ya fi bayyana lamarin shi ne yadda Hausawa Musulmi suke lissafin asali. Ba su da dogayen sassalar dangi irin na Larabawan Yaman ko Abzinawa, inda kowa ya san kakan kowa na bakwai. Mutum da garinsu ake kiransa, Bakano ko Bakatsine ko Bahaɗeje, kuma al'ummar ta ginu ne a kan haɗiye baƙi: Wangarawa da Agalawa da Barebari da Nufawa da bayi daga ko'ina. Ga fatauci da cin rani, waɗanda ke ba mutum damar ya kwana a garin da ba a san ubansa ba. Rukunin haihuwa ba ya rayuwa sai inda ake tuna asali, kasuwa kuwa mantuwa take so. Ɗan mahaucin da ya yi karatun allo ya sauke ya zama alaramma, jikansa ɗan malamai ne. Wanda ya tara jari ya koma fataucin shanu ya je Makka, Alhaji ne, kuma a layin attajirai yake zama.

Ƙofar haye kuma shiga da fita take. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu ya ɗaga Hausawa masu masauki, suna ba mahauta Yarabawa shanu bashi. A Ikko da Ankara da Kumasi da Khartum kuwa dubban 'yan ci-rani sun kama tukubar tsire ba tare da sun gaji wuƙa ba, domin akwai samu a ciki. Da wuya a ji ɗan wani rukuni a Indiya ya shiga aikin Dom don riba. A fagen kiɗa ma akwai misali babba. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba, kuma kalangun mahauta ya ɗauka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 sarakuna na alfahari da ya ambace su.

Akwai kuma hannun hukuma. A ƙidayar Indiya ta 1901 Risley ya jera rukunai bisa martaba, aka rubuta wa kowa nasa, abin da ake jayayya a kansa ya zama takardar gwamnati. A Nijeriya ta Arewa jami'an kimanta haraji sun ƙidaya masu sana'a gunduma-gunduma, amma don su san abin da za a karɓa, ba don su rubuta wa mutum asali ba. Wanda ya bar fawa bana, baɗi manomi za a rubuta shi.

Maganar aure

Duk da haka, kuskure ne a ce babu katanga. Akwai ta, kuma a wuri ɗaya ta tsaya, watau aure. Kafin a karɓi kayan na-gani-ina-so akan aika bincike, kuma abin da ake tambaya sananne ne: ko akwai kuturta ko hauka a gidan, ko akwai bauta, sa'an nan mece ce sana'ar gidan. A nan ne kalmomin barunje da bangaro, waɗanda a kasuwa wasa ne, suke yin nauyi. Shi ya sa tun da can gidajen fawa suka fi aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, ko ga makaɗansu, abin da ya ƙara ɗaure sana'ar a cikin dangi, ya kuma ba mai kallo daga waje hujjar cewa rukuni ne rufaffe.

Katangar ba tsawo ɗaya gare ta ta kowane gefe ba. Attajiri ko basarake yakan auri 'yar mahauta ba a ce komai ba, tun da ɗa ubansa yake bi, kuma Smith ya lura cewa martabar mace a tsakanin mata ba ta bin lissafin sana'ar maza sau da ƙafa. Wahalar tana wajen ba ɗan mahauta 'yar gidan sarauta ko gidan malamai. Kuma ko a nan dukiya da ilmi suna rage mata tsawo. A Wudil ta yau, inda gwamnatin Kano ta buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma inda kwalejin horar da hafsoshin 'yan sanda take, saurayin da ya zo neman aure yakan zo da sunan injiniya ko malamin makaranta, sana'ar kakansa sai mai tono ya sani.

Abin lura shi ne wannan ƙi ba shi da madogara a shari'ar da ake bi a ƙasar. A wurin Hanafawa da Shafi'awa sana'a tana shiga lissafin kufu'i, har waliyyi yana iya ƙin mai ƙasƙantacciyar sana'a. A mashhurin zancen Malikawa kuwa kufu'i addini ne da kuɓuta daga aibin da ke sa a raba aure, kuma fawa ba ta cikinsu. Saboda haka uban da ya ƙi ɗan mahauta ba ya iya faɗin dalilinsa a gaban alƙali, kuma da wuya ya faɗe shi a gaban liman. A zaure ake yanke maganar, tsakanin baffanni da kawunnai, da gwaggo a bayan labule. Wakilan saurayi kuma in sun dawo jin amsa ba a ambata musu wuƙa ko kwata. Akan yi musu godiya, a mayar musu da goronsu, a ce ai yarinyar an riga an yi mata miji.